Ƙafar Hagu

Shekara goma sha tara ina Toledo,
ƙafata ta hagu zaman banza take.
Dama ta taka totur, dama ta taka birki,
ita ko tana rakuɓe a lungu
kamar ɗan rakiyar da aka manta a zaure.

Motar ta girme ni da shekara biyu.
Chevelle ce, ja kamar bakin maci goro,
matar marigayi Orville ta sayar mini
har da tabarau ɗinsa a aljihun gaba.
Silinda takwas, murya irin ta hadarin gabas,
sai dai giya da kanta take sakawa,
ba ta shawara da kowa.

Na samo giyabos mai giya huɗu
a maƙabartar motoci, can hanyar Monroe,
ƙarƙashin ganyen kaka da kashin ɓera.
Dala ɗari shida, ba ragi.

Asabar bakwai na yi rigingine a kan kwali,
sanyin siminti na hawa ta ƙashin baya.
Da na kwance tsohon, jan mai ya biyo hannun riga
bai tsaya ba sai hammata.
Rumasa'u na riƙe mini tocila da hannu ɗaya,
ɗayan yana kan waya.
"Baba, kowa gudun wahala yake,
kai ka je ka sayo ta da kuɗinka."
Na ce, haska nan, ba hancina ba.

Na auna ƙasan motar sau uku, na zana da alli,
na yanka,
ramin ya kauce da faɗin yatsa.
Fedar ta uku kuwa, kai ƙasa na ɗaura ta,
ƙafafu a kan kujera, noti biyu a baki,
kamar jemage mai sana'a.

Sai ranar ɗagawa.
Ƙarfe ya hau ƙirjina, na tura, na juya, na roƙa.
Ya shiga, ya shiga, ya cije.
Saura ɗan abin da bai kai tsinken ashana ba.
Na ɗauko sifana zan ja shi da ƙarfin noti,
sai ga takalman Lamont a bakin gareji,
shi da ya ba masana'antar Jeep shekara talatin da yatsa ɗaya.
"Ka ja, ka fasa masa kunne.
Sa yarinyar ta taka kulochi."
Ta ajiye wayar. Ta taka.
Zuruf!

Na daɗe a kwance ban ce komai ba.
Ina jin Tanimu direba, mahaifina,
a gingimari tsakanin Funtuwa da Birnin Gwari,
tafinsa a kan gwiwata ina ɗan sha uku:
"Kunne ke tuƙi, ba ido ba.
Sakin kulochi kamar sakin hannun majinyaci ne,
sai ka ji ya tsaya da kansa."
Ranar da ya kwanta ina nan jiran takardu.
Wani ne ya riƙe hannun.

Lahadi da sassafe, filin kantin da ya rufe,
ba kowa sai tsuntsayen tafki.
Na sa ta ɗaya, na saki.
Ta yi tsalle, ta mutu.
Rumasa'u ta yi dariya har da dukan gilashi.
Na sake. Ta sake mutuwa.
A na uku na rufe ido, na kasa kunne,
ƙafar ta tuna abin da na manta.
Ta biyu. Ta uku. Salansa ta tashi tsuntsaye duka.

"Ba ni makullin."
Sau tara ta mace mata.
Ban ƙirga da ƙarfi ba, tafina dai na kan gwiwarta.

Daren nan cinyata ta hagu ciwo take.
Uwargida ta miƙo man zafi,
na ce bar shi tukuna.